Sukurun da Mai Aski Bai Gama Juyawa Ba

A rumfar kayan lantarki, mai aski ya dangwarar da ɗan allon da ke rage wuta don cajin batirin injin askinsa. Wata ɗaliba da ke tsaye ta ɗauka.

"Ya mutu, ƙanwata. Ga shi na bar mutum da rabin aski!"

"Ya mutu ko ka gaji? Sau nawa ka juya sukurun nan?"

"Uku."

"Uku! Sai an juya kusan ashirin wutar ke sauka. Cire batirin, kada ya kumbura. Riƙe mitar awon wutar nan, ka ci gaba da juya sukurun."

"Sha biyu, tara... Kai! Huɗu da ɗigo biyu!"

"Tsaya nan, haka batirin ke so! Halinmu ke nan, a jefar a sayi sabo."

"Ai jiya ma biyu na zubar."

"Yaya, ruga ka tono su kafin a kwashe shara!"