Ni da Kasa Biyu a Tsohuwar Rijiya

Ƴan'uwa maza da mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu ƙarƙashin wannan rumfa. Ku yi haƙuri in kun ga ina magana ina kai da kawowa. Haka nake tun ina saurayi, tsufa bai raba ni da shi duka ba.

Sunana Arzika. An haife ni a wani ƙauye gabas da Mayahi, bakin Gulbin Kaba, tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. Lokacin, in za ka Tasawa sai ka jira ayari, don tsoron mahara a hanya.

Ubanmu maharbi ne. Da ya rasu ya bar mu mu biyu, ni da wana Nomau. Nomau ya ɗauki gona, mutum ne mai sanyi, mai salla, ba ya son hayaniya. Ni na ɗauki baka da kwari, da wani ɗan gora na maganin maciji da aka san gidanmu da shi. An ce duk wanda ya sha, maciji ba ya saransa.

Abin da mutane ba su sani ba, ubanmu ya mutu bai faɗa mini saiwoyin da ake haɗawa ba. Da na ga garin ya kusa ƙarewa, na dama ragowar na shanye rabi, rabi na ba karena Baƙo, don shi ke shiga mini sarƙaƙiya. Daga nan na nemi gawayi da toka da sassaƙen bagaruwa na daka, na cika goran.

Na ci gaba da bayarwa. Ana kawo mini hatsi da kaji, ni kuma ina kai su gidan giya.

Akwai wani maƙwabcinmu, Barmo, ya sha wannan tokar tawa. Saboda ya amince da ni, ya sa hannu cikin ramin gafiya ba tsoro, maciji ya sare shi. Kwana biyu ya yi ya cika. Da matarsa ta zo ƙofar gidanmu tana kuka, na dube ta na ce mijinta ne ya karya sharaɗin magani. Da bakin nan nawa na faɗa.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna a gida sai in ji kamar tururuwa na bin jikina. In na shiga daji in ƙosa in dawo, in na dawo in ƙosa in koma. Abinci ma a tsaye nake ci. Nomau yakan ce, "Kai wai mi ke korarka?" In ce masa babu komi.

To, wata bazara aka yi zafi irin wanda tsuntsu ke faɗowa daga itace. Rumbuna sun yi ƙasa. Matar Nomau ta haihu, suna ya matso, ba abin yankawa. Ya zo ya same ni ya ce zai bi ni farauta, ko Allah ya ba mu barewa. Kafin mu fita ya miƙo hannu ya ce in ba shi maganin baba, don ya san macizai na yawo a irin wannan zafi. Na dama masa toka. Ya yi bismilla ya shanye, ya gode mini.

Muka fita da sassafe muka bi gulbi. Kun san shi da rani, ba ɗigon ruwa, sai rairayi da goriba da ƙaya. Kafin hantsi gumi ya jiƙa mu sharkaf. Can muka hangi barewa ƙarƙashin wata aduwa. Na harbe ta a cinya, ta zabura, Baƙo ya bi ta, ni ma na bi da gudu. Nomau yana kirana daga baya in yi a hankali. Ban ko waiwaya ba.

Ban ga rijiyar ba. Tsohuwa ce, makiyaya suka haƙa suka bari, busasshiyar ciyawa da ganyen kaba sun rufe bakinta. Na ji ƙasa ta tafi da ni, ni da karen gaba ɗaya. Zurfinta ya kai tsayin mutum biyu da ɗoriya. Na faɗa kan rairayi mai sanyi, ƙafata ta hagu ta gurɗe. Na dafa bango na miƙe.

Sai na ji huci, kamar maƙeri na zuga wuta.

Da idona ya saba da duhun wurin, na gan su. Kasa biyu, sun shigo neman sanyi. Na kashe macizai da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin masu kaurin waɗannan ba. Babbar ta kai kaurin cinyata, kanta kamar tafin hannu. Tana kumbura tana sacewa, tana wannan hucin.

Baƙo ya yi haushi sau ɗaya ya yi kanta. Ban ma ga saran ba, ƙararsa kawai na ji. Ya ja da baya ya kwanta jikin bango, wuyansa ya soma kumbura. Ina tsaye ina kallonsa yana shure-shure, yana dubana, har ya daina.

Karen nan maganin baba na gaskiya ya sha, irin wanda na sha, daga ƙwarya guda. Nan na gane ba abin da ke tsakanina da mutuwa.

Ƙaramar kasar ta lafe can gefe. Babbar ta warware, ta taho a hankali, ta hau bisa ƙafata ta dama, ta naɗe ta kwanta. Ina jin nauyinta da sanyin cikinta a fatata.

Ni da ban taɓa iya tsayawa wuri guda ba, ga shi an tsayar da ni. Ƙafar da ta gurɗe tana zugi, ba damar in sauke nauyi a kan ɗayar. Gumi na shiga idona, ba damar in share. Ƙudaje sun taru kan gawar kare, suna tashi suna sauka a leɓena. Duk jikina cewa yake in yi tsalle, in yi ihu, in kama bango.

Sai ga kan Nomau a bakin rijiya.

"Arzika, kana da rai?"

Na amsa a hankali, ba tare da na ɗaga kai sosai ba. "Yaya, kak ka matso. Kasa na bisa ƙahwata."

Ya miƙo bakansa, bai kai ba, sai rairayi da ya zubo, ƙaramar ta soma huci. Ya janye. Na ji yana tuɓe rigarsa.

"Bari in sabko," in ji shi. "Ka taka kahwaɗata ka hita. Ni ai yanzun nan na sha maganin baba, shina jikina da ƙarhinshi."

Ƴan'uwa, a nan ne aka auna ni. In na yi shiru zai sauko, watakila in tsira, shi ya mutu, jaririnsa ko suna ba a raɗa masa ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in yi shiru. Ta faɗa, na kuwa saurare ta na ɗan lokaci. Har ya zuro ƙafa ɗaya.

Na ce, "Yaya, tsaya. Ba magani ka sha ba. Toka ce da gawayi."

"Mi ka ce?"

"Na baba ya ƙare tun bara waccan. Abin da Barmo ya sha, shi ka sha."

Ƙafar ta koma sama. Na jira ya zage ni, bai zage ni ba. Na ji takunsa yana nisa, har na daina ji. Na ce a raina ya tafi ke nan, kuma ya yi daidai.

Na rage ni kaɗai da macizai biyu da mushen kare. Na nemi abin da zan kira. Na tuna kirarin iskokin daji da ubanmu ke yi kafin farauta, bakina ya ƙi ɗaukarsa. Addu'o'in da Nomau ke yi ban taɓa tsayawa na koya ba. Sai na yi magana yadda ake yi wa mutum. Na ce, "Kai da ka yi ni, ka yi wagga dabba, ban san yadda ake kiranka da kyau ba. Ni na kashe Barmo. Ban cancanci ka dube ni ba. Amma ka tsai da ƙahwan nan tawa, don ni ba ni iyawa."

Ƙafata da ke rawa tun ɗazu ta tsaya cak. Ban ga wani haske ba, ban ji murya ba. Na dai ji kamar an dafa kafaɗuna an riƙe ni, numfashina ya dawo daidai. Rabona da irin wannan natsuwa tun kafin mutuwar Barmo.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Can na ji kukan bijimi, sannan muryoyi biyu. Ashe Nomau gudu ya yi cikin wannan rana har wata rijiya mai ruwa, ya samo wani dattijon Bafillace yana shayar da garkensa. Mutumin ya bar shanunsa ya biyo shi da igiyar guga da takarkarin da ke ja masa ruwa.

Dattijon ya leƙo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai Kaɗo, kak ka motsa. In mun ja ka yanzu za ta sare ka. Rana ta kusa tsaka. In ta leƙo cikin ramin nan, kasa ba ta jure ta."

Suka ɗaura wa takarkarin igiya, suka zuro ta sannu a hankali har ta taɓa ƙirjina. Na ɗaga hannu kamar mai satar abu, na zura ta ƙarƙashin hamata. Muka jira. Ina kallon hasken rana yana saukowa jikin bango, kaɗan kaɗan. Ya taɓa kaina, ya sauko kafaɗa, ya kai gwiwa. Kaina kamar zai fashe. Nomau yana sama yana ta maimaita sunan Allah.

Da zafin ya sauka a bayanta, kasar ta motsa. Ta ɗaga kai ta fito da harshe, ta taɓa idon sawuna da shi. Sannan ta warware, ta ja jiki ta sauka, ta shige wata kafa a gindin bango inda ƴar'uwarta ta riga ta ɓuya.

Dattijon ya daka wa takarkari tsawa. Na ji an fizge ni sama, bango na goge mini baya, sai ga ni kwance a rairayi mai ƙuna ina kuka kamar jariri.

Na san wani zai ce ai rana ce ta kore ta. Haka ne, rana ce. Amma wa ya riƙe ƙafata har ranar ta iso?

Nomau ya goya ni har gida. Sai a ƙofar gida ya sauke ni ya ce, "Abin da ka hwaɗa mini cikin rami, za ka hwaɗa ma gari." Na faɗa kuwa, gaban mai gari da dattawa. Aka tofa mini yawu. Na je wurin matar Barmo na durƙusa, ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari. Har ta mutu ba ta sake yi mini magana ba, ban kuma ga laifinta ba.

Na so in ce muku daga nan na samu hutu, amma ba haka aka yi ba. An fid da ni daga rijiya, Barmo bai fita daga raina ba. Na bar farauta, na bar giya, na bar ƙauyen. Na yi dako a ayarin fatake, na kai Katsina, na kai Damagaram, na dawo Tasawa, ko'ina ba na cika shekara biyu. Na yi sadaka, na yi azumi. Nomau, Allah ya saka masa, ya karɓe ni duk lokacin da na dawo, har ya tsufa ya rasu. Natsuwar nan da na ɗanɗana cikin rami ita nake ta nema, ban san ƙofarta ba.

Sai da gashina ya yi fari, idona ya soma hazo, na zo garin nan neman magani. Ina zaune ina jiran a duba ni, wani ɗan'uwa da ke cikinku yau yana ba da labarin Yesu. Ya ce ya mutu ne domin masu laifi, har da wanda jinin wani ke wuyansa. Na tare shi na ce, "Har wanda ya yi ƙarya mutum ya mutu?" Ya ce har shi. Na ce a nuna mini yadda ake roƙonsa. Muka durƙusa nan cikin mutane, na faɗi sunan Barmo da ƙarfi, na roƙi gafara. Abin da ya riƙe ni cikin rijiya ya sake riƙe ni, wannan karon kuwa na san sunansa. Yabo ya tabbata gare shi!

Ina gode wa Allah da ya ji ni tun ban san shi ba, ya kuma yi haƙuri da ni shekaru masu yawa. In akwai wanda ke zaune a nan da abin da ya binne, yana tsoron ranar da za a tono, kada ya jira irin tawa ranar. Ka faɗa wa Yesu yau, ka dogara gare shi, zai iya ɗauka.

Roƙo ɗaya gare ni. Dattijon nan da ya bar shanunsa cikin ƙishirwa ya zo ya ja ni, ya naɗe igiyarsa ya tafi tun ina kwance ina kuka. Ko sunansa ban tambaya ba. Jikokinsa na nan wani wuri a dajin arewa suna kiwo. In mun sunkuyar da kai yanzu, ku sa su a addu'a tare da ni. Allah ya san sunayensu. Amin.