Muryar Mace a Ɗakin Baba

Labarin wata murya da aka ji cikin dare ne ya sa mai sayar da littattafai ya daina jera kaya. Dattijon da ya zo da labarin yana riƙe da tsohon littafin soyayya marar bango.

"Muryar mace a ɗakina, wata bakwai da rasuwar uwar 'ya'yana," in ji dattijon.

"Subhanallahi! Aljana ce, Baba?"

"Ni ne. Littafinta na tsinta a ƙarƙashin matashi. Shiru ya ishe ni, sai nake karantawa da ƙarfi. In an zo maganar budurwar, sai in siranta murya."

Mai littattafai ya danne dariya da tari.

"Maƙwabta suka kai wa 'ya'yana labari. Su uku ne, tun rasuwar ba sa ga maciji da juna, ba mai leƙo ni. Da jin akwai mace, sai ga su a mota ɗaya. Yanzu kullum suna gidan, har ci suke a kwano ɗaya."

"Kishin mahaifiyarsu ke nan."

"Kishin takardar gida dai. Ko ma mene ne, ina jin motsin mutane. Sai dai saura shafi tara. Nemo mini wani, ɗana, wanda macen ke da surutu."

Mai littattafai ya durƙusa yana tona kwali. Telan rumfar kusa ya tsayar da kekensa, ya ce:

"Baba, kalaman nan masu daɗi, da tana raye ta taɓa jin ko ɗaya daga bakinka?"