Ƙwayoyin Sada Ba na Rabo Ba Ne

Mai girma shugaban taro, Dagacin Kiyako, Malam Liman, dattawa, iyaye mata da ke bayan zana, da duk wanda rabon takin zamani ya tara a nan, assalamu alaikum.

Ni ne babban likitan da ke duba ɗanku Sada a Kano. Aiki ya hana ni zuwa, shi ya sa na ba wannan natsattsen saurayi takarda ya karanta muku. Ina godiya da kuka ara mini lokaci.

Na farko, ciwon Sada sankarar jini ce. Allurar da muke yi masa mai ƙarfi ce: tana yaƙar ciwon, tana kuma juya ciki, har ruwa ba ya zama. Don haka muke haɗa shi da ƙananan ƙwayoyi, ya sha kafin allura, ya sha bayanta. Ba a fara gina rijiya ranar da gobara ta tashi.

Na biyu, labari ya iso mini cewa ƙwayoyin sun yi suna a garinku. Mai laulayin ciki ta aiko, an ba ta. Mai zuwa kasuwar Gwaram da mota ke juya wa kai ya roƙa, an ba shi. Baba Haladu ya karɓi biyu saboda ɗan maraƙinsa ya ƙi kiwo. Mahaifiyar Sada, Inna Dada, aka ce mata ta riƙa hanawa, sai ta ce, "Ɗan nan, da wane bakin zan ce wa Mairama babu, ita da ta yi mini wankan jego?"

Kunya ado ce, amma Sada ke biyan kuɗin adon. Wancan zuwan allurar ya yi kwana uku yana amai, kansa a cikin kwano. Yanzu ya ce wa kawunsa, "Kawu, in haka za a sake, a bar ni a gida." Talata ce ranar allurarsa, kwalbar ƙwayoyin kuma babu komai. Allurar da aka tsallake, ciwon aka ba hutu.

Na uku, duk wanda ya ƙulle ragowa a bakin zani ko a naɗin hula, ga ƙwarya a zauren Liman. A saka a wuce, ba mai tambaya.

Na ga Malam Liman yana leƙen takardar, ya ga ajami ce. To, babu likitan da ya aiko ni. Ɗanbala ne, taubashin Sada, wanda kuka sani da ɗaure wa mutane riga a masallaci. Da bakina na faɗa, da kun ce wasa ne. Ƙwayar farko da ta bar gidan nan kuwa ni na roƙe ta, ranar da zan hau a-kori-kura zuwa Birnin Kudu. Biyu na karɓa. Ga ɗayar.

Allah ya ba Sada lafiya, ya sa albarka a takin da za ku ɗauka, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.