Akwai Mutum a Ciki

Auta: Salamu alaikum, Yaya! Ina wuni?

Yaya: Alaikumus salam. Auta, kina jina?

Auta: Ras nake jinka. Ya gida, ya su Anti da yara?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Aiki da godiya. Ya ƙafar taka?

Yaya: Wace ƙofa?

Auta: Ƙafa na ce! Ƙafarka da ta kumbura.

Yaya: Oho, da sauƙi. Auta, kina ina yanzu?

Auta: Ina shago mana, ina zan je? Ka je ofishin filayen kuwa? Don Allah kada ka ce mini "a dawo jibi". Wata bakwai ke nan da na sayi gidan nan ina jin jibi. Yau lauya ya yi tafiya, gobe mai hatimi yana taro. Ga mai gidan haya ya ce Juma'a in kwashe tarkacena, ya gaji da haƙuri.

Yaya: Na je. An ga fayil ɗin. Amma tsakani da Allah, kina shago?

Auta: Kai Yaya, sau nawa zan faɗa? Ga almakashi a hannuna.

Yaya: To saurara. Ashe ba mai hatimi ne ya riƙe takardar ba. Doka ce, kafin a buga hatimin ƙarshe a juya gida zuwa sunanki, sai jami'insu ya je ya tabbatar babu kowa a ciki. Sau uku yana zuwa. Sau uku yana rubuta "akwai mutum a ciki".

Auta: Wane mutum? Tsohon da ya sayar mini a gabanmu ya kwashe kayansa, har ƙusoshin bango ya cire don tsabar rowa. Lauya ya sa kwaɗo, makullin yana aljihun teburinsa.

Yaya: Haka na gaya wa jami'in. Ya ce wata mata ce take buɗe masa, har ruwa take kawo masa. Ya tambayi sunanta, ta ba shi naki.

Auta: Nawa? 'Yar damfara ce! A kira 'yan sanda!

Yaya: Shi ya sa na ɗauko shi a mota muka taho tare. Ina ƙofar gidan yanzu haka. Shi ya shiga, ni na kasa.

Auta: Kwaɗon fa?

Yaya: Yana nan a rataye, a buɗe, ba a fasa ba. Auta, tagar ɗakin gaba akwai labule.

Auta: Me? Muryarka tana yankewa.

Yaya: Labule! Kore, mai ratsin fari a ƙasa.

Auta: Yadin yana nan ƙarƙashin teburina. Ban ma yanka ba. Cewa na yi sai ranar da makulli ya shigo hannuna.

Yaya: Wa kika gaya wa?

Auta: Ba kowa. Ko Anti ban nuna wa ba, don kada ta yi mini dariya. Yaya, leƙa ta tagar. Me ke saman ƙofar falo?

Yaya: Tsaya. Agogon Mama ne, mai tsagaggen gilashi.

Auta: Keken ɗinki kuma yana gefen taga ta hagu, an juya shi yana kallon bishiyar tsakar gida.

Yaya: Ya aka yi kika sani?

Auta: Ni na ajiye su a can. A zuciyata. Kullum in ina taka keke sai in shiga gidan nan, in share, in jera kaya, in sake jerawa. Kai ne ma kake tsokanata wai gangar jikina ce kawai a shago, ni na daɗe da tarewa.

Yaya: Wasa nake yi, Auta. Wallahi wasa nake yi.

Auta: Tsoro nake ji, Yaya. Ka ce wa jami'in ya fito.

Yaya: Ga shi nan ma fitowa, yana ta murmushi. Riƙe layin. Na'am, ranka ya daɗe? ... To. To. Auta, ya ce ya gwada hoton fayil da fuskarta, ya ce ai da an gaya masa mai sayen ce a ciki da tuni an wuce wurin. Ya ce ta riga ta sa hannu, yau za a buga hatimi.

Auta: Kada ka bari! Ƙwace takardar! Ni ce zan sa hannu, ni na yi jiran!

Yaya: Ya nuna mini. Sa hannunki ne, har da 'yar jelar nan da kike ja a ƙarshe. Auta, wa ke kusa da ke? Ba mai shagon kusa waya mu gaisa.

Auta: Na gaishe shi da safe bai amsa ba, na ɗauka fushi yake. Ɗazu ma wata mai kawo ɗinki ta shigo, ta yi sallama sau biyu, ina amsawa, ta dudduba ta fita abinta.

Yaya: Ɗaga murya, kina yin nisa.

Auta: Ihu fa nake yi!

Yaya: Matar ta fito. Innalillahi. Takalminki ne, wanda kika ɗinke maɗaurinsa da jan zare. Tana yi mini dariya. Wai, "Yaya, ka tsaya a rana da ƙafar nan?"

Auta: Ba ni ba ce! Kada ka amsa mata! Ni ce nan, ni ce Autar Mama! Ka zo shago ka gan ni!

Yaya: Halo? Auta? Halo?

Auta: Ina jinka! Yaya, kada ka kashe, don girman Allah kada ka...

Yaya: Na'am? A'a, ba kowa, layin ne kawai yake ƙara. To, ga ni nan shigowa.