Hauya Ta Zama Bulala a Makarantarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, daga Dudunni nake gaishe ka.

Bayan samun mulkin kai, marigayi Malam Isiyaku ya buɗe makaranta a gonarsa. Yara su yi karatu da safe, su yi noma da yamma, su ci geron da suka noma. Ina rubuta komai a littafina, tun makarantar tana rumfar kara har ta kai aji huɗu na kwano.

Da arzikin fetur ya zo, sabon hedimasta ya mai da noma horon masu makara. Tir! Jiya ɗiyata Hinde ta gan ni da hauya, ta ce, "Baba, laifin me ka yi?"

Ko ni ne ban waye ba? Jama'a, in cire Hinde daga makarantar ko in bar ta?