Ruwan Lambatu a Maƙabartarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Malam Tanimu, daga Limancin Kona cikin birnin Zazzau. Ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubuta mini, kuma na ce kada a rage ko kalma ɗaya.

Ranar zaɓe na tsaya a layi bayan hoton kansilanmu, rana na dukana, jama'a na kallo. Da ya hau, sai aka gina lambatu a unguwa, aka juya bakinsa ya fuskanci maƙabarta. Ruwan bara ya buɗe kaburbura. Da hannuna na tsince ƙasusuwan bayin Allah na zuba a babbar rigata, muka sake binnewa, ba mu san na wane da wane muka haɗa ba. Tun ranar ban sake sa rigar ba. Ko tuwo na ɗebo, nauyinsu nake ji a tafin hannuna.

Na je na same shi. Ya ce, "Baba, wannan aikin ciyaman ne." Na je sakatariya, aka ce in koma wajen kansilana. Na koma, ya ce, "Baba, ka cika naci." E, na cika.

To ku da kuka sani, ku gaya mini a rediyon nan yana ji: mene ne aikin kansila, in ba ya kai kukanmu gaban majalisa ba? Ku amsa da wuri. Hadari ya fara haɗowa, kuma kabarin matata Ladi ne yanzu a bakin ruwan.