Abin da Na Gani a Sarandib, Kafin Ku Ɗauki Igiya

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Arɗo Bakoji, shugaban wannan zama, Allah ya ja zamaninka. Liman Salmanu, Allah ya gafarta malam. Wakilin Sarki da ya taso daga Birni cikin wannan rana, ranka ya daɗe. Dattawan rugage, manoman Gayam, fataken da suka sauke kaya suka tsaya saurare, iyayenmu mata da ke bayan zana, da ku samari da kuka jingine kwari da baka kuna harararmu, assalamu alaikum.

Na gode wa Arɗo da ya ba ni dama. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Jaji, yayan Jumare, ni ne na ɓace a hanyar Makka har aka raba gadona, sannan na dawo da furfura.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Annoba ta shiga garke, ta bar mu da sanduna a hannu. Daga nan har Gwaska kurmi wari yake yi, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ƙanena Jumare kullum da safe sai ya fita, yana kiran shanunsa da suka mutu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, yana kora iska zuwa rafi. Wallahi in na gan shi zuciyata ƙuna take yi. Yanzu ɗansa Hammadu da abokansa sun ce gobe za su faɗa wa ƙauyen Gwarawan nan na bayan Dogon Dawa, su kamo mata da yara, su sayar, su sayo shanu. An nemi dattawa su sa albarka. Ni ban sa ba, ga kuma dalilina.

Na farko, ku san mai magana. Malamin da na bi zuwa hajji, da guzuri ya ƙare masa a Jidda, ni ya sayar. Wani attajiri ya sa ni a jirgin ruwa har wani tsibiri da ake kira Sarandib, can gaba da ƙasar Hindu. A can agana ta kama ni, ubangidana ya ga ba ni da sauran amfani, ya yar da ni a bakin hanya ƙudaje na bi na. Wanda ya ɗauke ni wani tsoho ne mai askakken kai da rawayan mayafi. Bai san harshena ba, ban san nasa ba. Ya wanke mini gyambo da hannunsa, ya raba shinkafarsa biyu. Shi da irinsa ana ce musu mabiya Buda.

Na ga Liman ya gyara zama. Kwantar da hankalinka, malam, ban zo sauya wa kowa alƙibla ba. Mutanen nan suna durƙusa wa gunki, suna cewa mutum yakan mutu a sake haihuwarsa, ni kuwa ban yarda da wannan ba har gobe. A inuwar ɗakin ibadarsu na yi sallolina, ba wanda ya ce mini kanzil. Amma abin da idona ya gani sai na faɗa.

Na biyu, asalinsu. Da na iya harshen, tsohon ya ba ni labari. Ya ce wani ɗan sarki ne a ƙasar Hindu, sunansa Gotama, tun kafin zamanin Annabi Isa. Ubansa ya killace shi a fada don kada ya ga abin baƙin ciki. Ran nan ya fita, sai ya ga tsoho tuguf, ya ga majinyaci, ya ga gawa an ɗauko. Ya tambayi mai jan dawakinsa, "Ni ma haka zan zama?" Ya ce masa, "Har kai, ranka ya daɗe." Shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Ya bar sarauta, ya bar mata da ɗa, ya shiga daji. Ya horar da kansa da yunwa har haƙarƙarinsa suka fito, ya ga wannan ma ba ta fisshe shi ba. Daga bisani ya zauna a gindin wata bishiya har abin ya waye masa. Shi ya sa suke kiransa Buda, wato wanda ya farka.

Na uku, koyarwarsa. Ya ce zaman duniya wahala ne, duk abin da ka riƙe zai kuɓuce maka. Ya ce tushen wahalar wata ƙishirwa ce a zuci, ta sai na samu, sai na ƙara, sai na mayar da abin da ya tafi. Ya ce ana iya kashe ta, akwai kuma hanyar kashe ta. Kada ka kashe mai rai, kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, kada ka yi ƙarya, ka bar zina da giya. Cikin sana'o'in da ya hana mabiyansa har da cinikin mutane. Tsohon nan ko ruwa zai sha sai ya tace da ƙyalle, don kada ya haɗiye ƙwaro. Na yi masa dariya a lokacin. Ƙwaro fa, jama'a! Mu kuwa masu kalmar shahada yau muna zaune muna shawarar 'ya'yan mutane.

Akwai wani aikinsu da ya fi tsaya mini a rai. Da na warke, ba ni da magana sai ta gida, kullum kuka, kullum tsinuwa. Sai tsohon ya ja ni jeji inda aka yar da wata gawa, ya ce in zauna in duba. Na toshe hanci zan gudu, ya riƙe ni. Muka yi ta komawa, tana kumbura, ta fashe, tsutsa ta ci, har ta koma ƙashi fari fat. Sannan ya ce mini, "Yanzu nuna mini abin da za ka riƙe a nan."

Hammadu, ɗana, ɗago kai, da kai nake. Tun da shanun ubanka suka faɗi ka taɓa komawa inda suke? Ba ka koma ba. Dukanku kewaye wurin kuke yi, kuna rufe hanci da bakin riga, shi ya sa har yanzu a zuciyarku suna nan da rai. Ku je ku zauna. Ku dubi farar saniyar da kakanku ya bari, ku ga abin da ta zama. Ku yi kuka, ba abin kunya ba ne, ni ma na yi. Amma ta tafi, kuma ɗiyar Bagwariya ba za ta tashe ta ba.

Ku kuma gaya mini, shanun da za ku sayo, a wace ciyawa za su yi kiwo? Cutar tana nan a mashaya. Kafin kaka su ma su bi sauran. Sannan sai ku koma wane ƙauye? Mutanen da kuke shirin ɗaurewa, da dawarsu aka yaye ku, matanku a ƙofarsu suke sauke ƙwarya. Bana ma su ne suka aiko mana da doya da muka rasa nono. Haba, samari!

Arɗo, in aka tashi taron nan ba a janye maganar ba, ni ba zan koma ruga ba. Zan ɗauki buzuna in tafi ƙauyen, in shimfiɗa shi a bakin ƙofar shiga. Hammadu, in ka iso da igiyarka gobe, ni za ka fara tararwa. Ka ɗaura ta a wuyan yayan ubanka, ka ja ni kasuwa a gaban jama'a, sannan ka koma ka gaya wa Jumare abin da ka sayar.

Allah ya yaye mana wannan annoba. Allah ya mayar wa Jumare da hankalinsa, ya ba waɗanda suka rasa dukiya haƙuri da abin sawa a baki. Allah ya tsare hannun 'ya'yanmu daga hakkin da ba za su iya ɗauka ba ranar gobe, ya kai kowa gidansa lafiya.

Na gode.